Idan ATmega328P da ka haɗa da hannunka ta ƙi karɓar kod

Da lokacin furojet ya ƙarato, ƙorafin da ke zuwa teburina a Samaru kusan ɗaya ne, ko ɗalibin ABU ne ko na kwalejin Nuhu Bamalli: "Malam, na haɗa komai yadda zane ya nuna, fitila ma tana kamawa, amma kod ya ƙi shiga." A ƙasan Arduino IDE, manhajar da ake rubuta kod a ciki, kuwa ga avrdude, furogiram ɗin da ke tura kod, yana ta maimaita not in sync, resp=0x00, har sau 10. Ma'anarsa kwamfuta ta kira, ba a amsa ba. Bai gaya maka inda laifin yake ba, shi ya sa wasu ke ta sauya kod, wasu su ruga sayen sabuwar IC, wato ita ATmega328P, ƙwaƙwalwar allon da kod ke shiga. Duka biyun asara ce. Kod ɗin da ya wuce Verify ba shi ne ya hana lodi ba, IC kuma ita ce abu na ƙarshe da za ka zarga. Daga kwamfuta ake farawa, a bi waya har a isa allo.

Fara da kebul. Kebul ɗin USB na ƙwarai wayoyi huɗu ne a cikinsa, biyu na wuta, biyu na saƙo. Da yawa daga waɗanda ke zuwa da fitilar caji ko ƙaramar fanka na wuta kaɗai gare su, sai ka ga fitilar allo ta kama ka ɗauka komai lafiya. Buɗe Device Manager a Windows, ka zura wa Ports ido, ka zare kebul ka mayar. In ba abin da ya motsa, sauya kebul. In wani abu ya fito da alamar ruwan ɗorawa, direba ne babu. Ɗaga adaftar, wato ɗan allon da ke haɗa USB na kwamfuta da allonka, ka karanta abin da aka rubuta a kan baƙar IC ɗinta: yawancin masu araha CH340 ne, akwai CP2102 na Silicon Labs, da FT232RL na FTDI, da PL2303 na Prolific, kowanne da direbansa. In COM, sunan da Windows ke ba adaftar a Ports, ya fito, riƙe lambarsa ka zaɓe ta a Tools. Masu Linux su nemi /dev/ttyUSB0, su sa sunansu a rukunin dialout, su fita su sake shiga. A Ubuntu 22.04 akwai manhajar brltty, ta makafi masu karatu da taɓi, da ke ƙwace CH340 da zarar an jona. In ba ka buƙatarta, cire ta.

Gwajin da na fi so shi ne wannan, domin yana raba gardama gida biyu, ba ya kuma cin ko kwabo. Zare adaftar daga allonka gaba ɗaya. Ɗauki guntun waya ka haɗa TX ɗinta da RX ɗinta. Buɗe Serial Monitor ka rubuta Zariya ka aika. In kalmar ta dawo maka, to kebul, direba, COM da adafta duk sun fita daga zargi, kada ka sake waiwayarsu. In ba ta dawo ba, kada ka taɓa allon da ka haɗa, laifin bai kai can ba tukuna. Ina mamakin yadda mutum zai kwana yana narka dalma bai yi wannan gwaji ba. Ka tuna kuma manhaja ɗaya ce ke iya riƙe COM a lokaci guda, saboda haka rufe duk wata manhajar da ta kama shi, kamar PuTTY, kafin ka loda.

To, a ce kalmar ta dawo. Yanzu mun zo kan aikin hannunka. TX baki ne, RX kunne ne, kuma bakin wannan kunnen wancan yake nema. TX na adafta zai tafi ƙafa ta 2 ta ATmega328P, RX na adafta ya tafi ƙafa ta 3. Ana ƙirga ƙafafu daga gefen da aka yi wa ɗan tsagi, ƙafa ta 1 tana kusa da ɗigon. Sai GND, wato layin negatif na wuta: ko da allonka na cin batirinsa daban, dole GND ɗinsa ya haɗu da na adafta. Sa mita tsakanin ƙafa ta 7 da ta 8 ka ga bolt 5, sannan tsakanin ta 20 da ta 22, don waɗannan biyun ake yawan mantawa. In a biredbod kake, wasu manyan layin wutarsu a yanke yake a tsakiya, rabi da wuta rabi babu.

Sai abin da ke kama masu furojet ɗin GSM da Bluetooth. Ƙafa ta 2 da ta 3 su ne 0 da 1 a lissafin Arduino. In ka ɗaura SIM800L na GSM ko HC-05 na Bluetooth a kansu, zare shi kafin lodi, ka mayar bayan an gama. SIM800L ma da kansa yana iya fizgar amfiya 2 lokacin da yake neman sabis, alhali ramin USB 2.0 rabin amfiya yake bayarwa. Ba shi wutarsa daban.

RESET shi ne inda na fi daɗewa da ɗalibai. Butloda, wato ɗan furogiram ɗin da ke karɓar kod ta waya, yana sauraro ne na kamar daƙiƙa ɗaya bayan an tayar da IC, daga nan ya wuce abinsa. Kwamfuta ce ke tayar da ita ta wata ƙafar adafta mai suna DTR. Saboda haka DTR na adafta zai bi ta kafasito mai lamba 104 zuwa ƙafa ta 1, sannan rizista 10k, mai zoben ruwan ƙasa, baƙi da ruwan lemo, ya ja ƙafar zuwa bolt 5. Auna ƙafa ta 1. In ka ga sifili, IC a kwance take, sau da yawa maɓallin mai ƙafa huɗu ne aka juya. Adaftoci da dama ba su fito da DTR ba sam. Da irinsu sai ka danne maɓallin RESET da yatsa, ka latsa Upload, da ka ga an rubuta Uploading ka saki. Ba lallai ka dace a karon farko ba. Ni dai in zan saya, mai ƙafar DTR nake tambaya.

Akwai hanyar sanin ko IC tana raye kuma da butloda a cikinta. Jona LED da rizista 330 a ƙafa ta 19, ka danna RESET ka saki. Optiboot, butlodan allon Arduino Uno, yana ƙyafta ta sau 3 da sauri. In ta ƙyafta, madalla. In shiru, abu biyu ne.

Na farko kiristal, wato agogon da ke ba IC gudu. Mai 16 MHz ne, a ƙafa ta 9 da ta 10, kowace ƙafa da kafasito 22pF zuwa GND, kuma ya zauna dab da IC, ba a ƙarshen doguwar waya ba. Su 22 da 104 kamanninsu ɗaya a cikin leda, ƙanana masu launin ƙasa, kuma in aka musanya su kiristal ba zai motsa ba. IC ɗin da aka saita wa kiristal na waje kuwa ba ta yin komai in ba shi. Duba dalmar wajen da kyau. Mai kyau tana sheƙi ta rungumi ƙafa, wadda ta yi dunƙule ta dushe sai a sake narka ta. Da hunturu a goge ƙura da busasshen buroshi, a riƙa kama IC ta gefe, don lokacin ne jiki ke tara lantarki.

Na biyu, babu butloda tun asali. Yadda ATmega328P ke fitowa daga masana'anta fanko take, tana gudu a 1 MHz da agogonta na ciki. Ko a Sabon Gari ka saya ko daga Legas aka aiko maka, tambayi mai kaya ko an sa mata. In ba a sa ba, ari Uno wajen abokin karatu, loda mata ArduinoISP daga Examples, ka haɗa 10 ɗinta da ƙafa ta 1 ta IC ɗinka, 11 da ta 17, 12 da ta 18, 13 da ta 19, da wuta da GND. Zaɓi Arduino as ISP, ka latsa Burn Bootloader. In ya yi ƙorafin signature, wato lambar shaidar IC, karanta bayan IC ɗin. 328-PU daban take da 328P-PU, kuma saitin Uno mai P yake nema.

Zaɓin allo a Tools ma yana da tasiri. Uno yana loda kod a gudun 115200, tsohon butlodan allon Arduino Nano kuwa 57600, shi ya sa wasu Nano ba sa karɓa sai ka zaɓi Old Bootloader.

In kod ya shiga amma Serial Monitor na zubo haruffan da ba sa karantuwa, wannan mai sauƙi ne. Lambar da ke cikin Serial.begin da wadda ka zaɓa a Monitor su zama ɗaya. In duka 9600 ne amma shirmen bai daina ba, gwada 4800. In ya karantu a nan, IC ɗinka a 8 MHz take gudu alhali an shirya kod ɗin don 16.

Gargaɗi ɗaya ga masu tsohuwar kwamfutar tebur mai rami mai ƙafa 9 a baya: wannan RS-232 ne, wutarsa na iya kaiwa bolt 15 sama ko ƙasa da sifili. Kada ka kai shi ƙafar IC kai tsaye, sai da MAX232, IC mai daidaita wutar, a tsakani. In kuma da ESP8266 ko ESP32 kake aiki maimakon ATmega328P, su na bolt 3.3 ne, duba ɗan makunnin adaftarka kafin ka jona.

Sai bayan duk wannan ne nake yarda a zargi IC. Ko a nan ma akwai gwaji. Samu Uno mai soket, ɗaga tata a hankali da bakin ƙaramin sukudireba, ka zaunar da taka, tsagi ya kalli inda na waccan ya kalla, ka loda Blink, kod ɗin ƙyafta fitila da ke Examples. In ya shiga, IC lafiyarta ƙalau, koma kan allonka da mita ka bi ƙafa ta 1, ta 2, ta 3, ta 9 da ta 10 ɗaya bayan ɗaya. In ta ƙi lodi a can, ta kuma ƙi Burn Bootloader, to sayi wata, ka haɗa da soket mai ƙafa 28 don kada zafin dalma ya taɓa ta.