Yadda mawaƙi ko ɗan wasa zai shirya wa hira a talabijin

Idon kyamara ba irin na mutum ba ne. Rigar da ta burge ka a madubi tana iya ɗauke hankalin mai kallo daga abin da kake faɗa a kan aikinka. Shi ya sa shiri ke farawa da kiran furodusa kwana 2 ko 3 kafin ranar. Ka tambayi launin bangon da zai kasance a bayanka, da ko a zaune za a yi hirar ko a tsaye, da ko akwai mai kwalliya a situdiyon. In koren kyalle ne a baya, kada ka sa kore ko da a hula ne, domin kwamfuta tana goge duk wani kore ta sa hoto a gurbinsa.

A wajen tufafi aka fi tafka kuskure. Yadi mai siraran layuka ko ƙananan zane a matse yana rikita kyamara, sai a ga rigar tana rawa a allo. Fari tas yana mayar da haske da yawa, mai kyamara ya rage haske don rigar, fuska kuma ta dushe. Mai duhun fata ya fi shan wannan wahalar. Baƙi ƙirin yana haɗiye ɗinki da ado. Shuɗi, ruwan ƙasa ko ruwan toka mai duhu, launi guda ba tarkace, sun fi zama lafiya. Ruwan toka mai haske kuwa tona asirin gumi yake yi, don haka a sa singileti a ciki. Ka guji riga mai babban tambarin kamfani, kuma ka riƙe ta biyu a jaka, a goge.

Kada ka jefar da abin da aka san ka da shi. In hula ce ko zobe, ka bar shi, amma guda ɗaya ya isa. Hula mai baki sai a ɗan tura ta baya, kada inuwarta ta rufe idanu.

Ka tuna da makirufo. Ana maƙala shi a ƙirji, kimanin santimita 15 zuwa 20 ƙasa da haɓa, igiyarsa ta bi ta cikin riga zuwa ɗan akwatin da ke buƙatar aljihu ko bel. Sarƙar da ke gogar sa da awarwaro masu kacau-kacau duk sai sun shiga sauti, kuma cire ƙarar daga baya aiki ne ja.

Fitilun situdiyo suna fito da maiƙon fuska. A fara danne shi da tishu, ba a gogewa, sannan a shafa hoda marar ƙyalli a goshi, hanci da haɓa. Maza ma suna buƙata, mai sanƙo har tsakar kai. Hodar ta dace da launin fata, don wadda ta fi fata haske tana sa fuska ta yi furu-furu kamar an baɗa toka. Aski a yi shi kwana 3 kafin hirar domin ƙuraje su kwanta. In gilashin ido yana walƙiya, ɗaga ƙafafunsa kaɗan daga kan kunne, gilashin ya ɗan sunkuya, hasken zai kauce.

Daren jajibirin hirar ka sa kayan gaba ɗaya, ka zauna a kujera, a ɗauke ka bidiyon daƙiƙa 30 da waya kana magana. A nan za ka ga wuyan riga da ya karkace ko wandon da ya ɗage. Ka isa situdiyo da saura minti 45, a samu lokacin ɗaura makirufo da gwada haske.