Yadda ake sayen faifan jungle mai salon da ba tare da ka yi asarar kuɗinka ba

Wanda bai san kiɗan ba bari in yi masa a gajarce. Jungle a Ingila aka haife shi, a Landan da Biristol, wajen 1992 zuwa 1994, yawanci a hannun yaran da iyayensu ko kakanninsu suka zo daga Jamaika da sauran tsibiran Karibiyan. Ganga ce a guje, bugu 160 zuwa 170 a minti ɗaya, sai bas mai nauyi irin na rege yana tafiya a hankali a ƙasa. Daga baya aka gyara masa fuska aka ce drum and bass. To yanzu abin ya dawo, matasa na sake yin sa da salon da kuma suna buga shi a faifan garmaho, kuma nan ne mutum ke iya tafka asara in bai yi hankali ba.

Abu na farko, ka san wane iri kake nema, don kala uku ne kuma masu sayarwa ba kullum suke bambanta maka ba. Akwai sabon kiɗa da aka yi yau amma da kayan da, irin wanda Tim Reaper ke fitarwa a kamfaninsa Future Retro London ko Coco Bryce daga Holan. Akwai tsohon faifai da aka sake bugawa. Sai na ukun, kuma ni shi na fi so wallahi, kiɗan da aka yi tun shekarun 1990 amma bai taɓa fita kasuwa ba, yana kwance a kaset ko a dubplate, wato faifan gwaji da ake yanka wa DJ shi kaɗai, wanda kuma ke cinyewa in an yi ta juya shi. Kamfanin Deep Jungle kusan aikinsu kenan, tono irin waɗannan.

Sai ka saurara kafin ka biya. Shafukan sayar da kiɗa na intanet irin su Bandcamp da Juno da Redeye duk suna sa ɗanɗano, kar ka saya don hoton kwali ya burge ka. Kuma ka sa abin kunne mai kyau, sifikar waya ba za ta nuna maka bas ɗin ba ko kaɗan, rabin kiɗan kenan ya tafi. Abin da za ka kasa kunne a kai shi ne gangar. Yawanci za ka ji Amen, wani ɗan bugun ganga na daƙiƙa shida zuwa bakwai da aka ciro daga faifan The Winstons na 1969, wanda Gregory Coleman ya buga. Kowa na amfani da shi, don haka jin sa kawai ba komai ba ne, tambayar ita ce ya aka yayyanka shi? Gwani zai datsa shi gutsi-gutsi ya jujjuya har ka rasa inda farkon yake, malalaci kuwa zai sake shi yana ta zagaye minti shida ya ɗora muryar wani ɗan rege a kai ya ce ai ya yi jungle. Akwai kuma wani ɗan kaushi da tsoffin na'urori irin Akai S950 da kwamfutar Amiga ke bayarwa, wasu har yau da su suke aiki, in kunnenka ya saba za ka gane.

In ka ji ya yi maka to kar ka tsaya jan ƙafa. Ba da yawa ake bugawa ba, 'yan ɗaruruwa ne, kuma galibi sai ka biya tun kafin ya fito sannan ka zauna jira, wani lokacin watanni don masana'antun buga faifai layi gare su. Haƙuri kawai. In ya ƙare sai Discogs, kasuwar intanet inda mutane ke sayar da faifansu, can kuma farashi ya ninka.

A Discogs ɗin ka duba darajar lafiyar faifan da mai shi ya rubuta, NM kusan sabo ne, VG+ ya ɗan ji jiki amma yana tafiya, ƙasa da haka ni ba na taɓawa. Ka nemi ya turo maka hoton rubutun da aka karce a kusa da tambarin tsakiya, da shi ake gane bugun asali da na baya.

Maganar aikowa fa ita ce ta fi ci min tuwo a ƙwarya. Na taɓa yin odar guda huɗu, wani mai shago ya turo su a kwali mai laushi, suka kuma kwana biyu a bayan mota cikin zafin Afrilu, da na buɗe biyu sun lanƙwashe kamar faifan rufe ƙwarya da ya sha ruwa, allura na hawa tana sauka. Tun daga nan nake haɗa oda da yawa a kwali ɗaya mai tauri, in ce a cire faifan daga rigarsa a jera su gefe da gefe don kar bakinsa ya tsaga rigar, in kuwa akwai ɗan uwa mai tahowa daga Ingila to shi ne mafi sauƙi, ya riƙo a jakar hannu.

Da ya iso ka duba gudun da aka rubuta, juyi 33 ne ko 45 a minti, wasu farin tambari ne babu rubutu ko ɗaya sai ka gwada da kunne, in ka ji gangar na jan jiki kamar ba ta ci abinci ba to ka maida shi 45. Ka goge shi da burushi mai laushi kafin ka ɗora allura, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina, ka riƙe shi ta baki-baki, sannan a tsaye ake ajiye shi ba a kwance ba, nesa da taga.