Daga unguwar Nima ta Akara zuwa Namibiya: ga yadda za ka shirya

Malam, in kana son ganin namun daji, hamada da bakin teku a tafiya guda, nufi Namibiya. Ni daga Kotoka, filin jirgin saman Akara, na tashi, muka ya da zango a Adis Ababa, sannan Windhoek, babban birnin ƙasar. Riƙe katin allurar zazzaɓin shawara kusa, tunda daga Gana ka fito za a nema.

Je tsakanin Yuni da Oktoba. Rani ne, ruwa ya janye, dabbobin gandun Etosha kan taru a mashaya. Kwana a sansanin Okaukuejo: mashayarsa na da fitilu, da dare na zauna ina kallon karkanda da giwaye suna shan ruwa, har na manta shayina ya huce. Ana rufe ƙofa da faɗuwar rana, kada ka makara.

Yi hayar mota mai ƙarfi, galibin hanyoyin tsakuwa ne. Can ta hagu ake tuƙi, saɓanin namu na Akara. Kwana biyu hannuna yana rikicewa. Cika tanki duk inda ka ga gidan mai.

Tuddan jan yashi na Sossusvlei kuwa, hau su bayan Asuba, kafin yashi ya gasa ƙafa.

A Swakopmund, garin bakin teku, ɗauki rigar sanyi. Kada ka zaci bakin tekun Labadi na Akara ne. Ruwan tekun kamar ƙanƙara, ga hazo da safe. Kuɗi kuma, randin Afirka ta Kudu na tafiya daidai da dalar Namibiya. Ni har garin rogo da shito, miyar barkonon Gana, na ƙunsa a jaka.