Kitse a ciki, ƙirji ba nama: kurakuran masu haɗa abincin burola

Kazar burola, wato wadda ake kiwo don nama, takan yi nauyi a sikeli, amma da an fige an farke ciki sai a tarar kitse ya lulluɓe ƙundu, ƙirji kuwa ba tsokar kirki. Mai gasa kaza ba kitse yake saya ba. Galibi abincin bai yi kaɗan ba, amino asid ɗin da ke cikinsa, wato sinadaran da ke haɗuwa su zama furotin, su ne ba su daidaita ba, musamman laisin da metiyonin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne duba furotin kawai. Mutum ya zuba ƙuli-ƙuli da yawa saboda ya fi waken suya araha, ya lissafa ya ga furotin ya kai kashi 22, hankalinsa ya kwanta. Ƙuli-ƙuli yana da furotin, gaskiya ne, amma laisin ɗinsa kaɗan ne, metiyonin ma haka, masara kuma ba ta cike giɓin. Jikin kaza ba ya gina tsoka sai duk amino asid ɗin sun hallara. Idan ɗaya ya gaza, sauran su tafi a banza, ƙarfin masarar kuma ya koma kitse. Gyaran shi ne a sa waken suya ya rinjayi ƙuli, a ƙara garin laisin da metiyonin. 'Yan tsaki a makonni 3 na farko suna bukatar laisin kusan kashi 1.1 na abincinsu, metiyonin kusan 0.5.

Waken suyan ma ana ɓata shi wajen soyawa. In ya ƙone ya yi duhu, laisin ɗin ya lalace. In bai soyu ba, ya hana narkewar abinci. Launin ruwan zuma mai haske ake nema.

Abin da ya fi damuna shi ne awo da ido. Garin laisin ko metiyonin abu ne da ake sa 'yan gram ɗari biyu ko makamancin haka a kilo 100, amma sai a ɗebo da hannu a watsa kan tulin masara, a juya da shebur sau biyu. Wata kaza ta ci fiye da kima, wata ko ƙwaya ba ta samu ba. Metiyonin kuwa in ya yi yawa yana rage cin abinci. A auna da ƙaramin sikeli, a fara cakuɗa shi da garin masara kwano ɗaya tare da firimis, wato garin bitamin da ma'adinai, sannan a shigar cikin babban haɗi.

Akwai kuma masu tsinka abincin finisha, wato na matakin ƙarshe na kiwo, da tsabar masara da manja a makon ƙarshe don kaza ta yi nauyi. Kitse ne ke ƙaruwa. Maganin amino asid na zubawa a ruwa kuma ba ya gyara abincin da aka haɗa ba daidai ba.

A zafin Maris da Afrilu kaji suna rage ci, don haka a lokacin ne ya kamata a ɗan ɗaga laisin da metiyonin a kowane kilo, a kuma ba da abinci da sanyin safiya da yamma.