Kurakuran da muke yi wajen sayen ƙaramar tocila

Ina da teburin gyaran rediyo da tocila a Garwa, kuma daga watan Maris har zuwa saukar ruwan farko, aikin tocila ne ya fi yawa a hannuna. Wutar da muke sha a arewacin Kamaru mafi yawanta daga madatsar Lagdo take zuwa, a kan kogin Binuwai, kuma idan rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, ɗauke wuta sai ya yawaita. A daidai lokacin ne zafi yake korar kowa daga ɗaki zuwa tsakar gida, a shimfiɗa tabarma a ƙasa inda kunama take yawo. Tocilolin da ake kawo mini a leda, bibbiyu uku-uku, kaɗan ne a cikinsu tsufa ya kashe. Yawancinsu tun ranar saye aka yi kuskuren, kuma abin yana damuna, domin kuɗin da magidanci ya zuba a tocila huɗu cikin shekara ɗaya ya ishe shi ya sayi guda ɗaya da za ta yi masa shekaru.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne bin ƙarfin haske. Mai kaya zai haska maka ita a tafin hannu ko a bangon shago, idonka ya ɗauke, ka ce wannan ita ce. A jikin kwali kuma an rubuta lamba mai sifiri da yawa da kalmar lumen, wato ma'aunin yawan hasken da fitila take fitarwa. Ka riƙe wannan a kanka: tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, wanda yake haska ɗaki guda, lumen 800 ne ko kusa da haka. To ta yaya abin da bai wuce tsawon yatsa ba zai ba da lumen 100,000? Ƙarya ce aka buga a kwali. Ko tocila ta gaskiya mai batir ɗaya da take kai lumen 1,000, mintoci kaɗan take yi a haka, kanta ya yi zafi, ta rage hasken da kanta. Ga neman takalmi a ɗaki, zuwa bayan gida, ko duba yaro mai zazzaɓi, lumen 10 zuwa 20 sun wadatar. Ga tafiya masallaci da asuba ko dawowa daga kasuwa ta lungu, 100 zuwa 300 sun yi. Saboda haka idan ka tsaya gaban mai kaya, ka ce masa ya nuna maka ƙaramin haskenta. Tocilar da ba ta da ƙaramin haske za ta shanye batirinta kafin tsakar dare, ta bar ka a duhu a lokacin da ka fi bukatarta. Ka kuma bar ta a kunne minti uku a hannunka kafin ka biya. Idan ta fara dushewa ko kyaftawa a gabanka, ka ajiye masa abinsa.

Ko awoyin da kamfanonin kirki suke rubutawa sai an san yadda ake lissafa su. Ana ƙirgawa ne har zuwa lokacin da hasken ya koma kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Idan an ce awa shida, awoyin ƙarshe haske ne mai rauni ƙwarai.

Inda na fi so a tsaya a saurare ni shi ne batir, wanda wasunmu a nan suke ce wa pil. Mutane suna duba jikin tocila, su duba launi, su duba igiyar ratayawa, ba sa tambayar me ke cikinta. Alhali ran tocila batirinta ne.

Akwai tocilolin roba masu araha waɗanda ake zaro musu ƙafa biyu a cusa a soket. Mafi yawansu ɗan ƙaramin batirin dalma ne a ciki, dangin na babur. Wannan batir abu biyu yake ƙi: a bar shi ya ƙare ƙarƙaf ya kwana a haka, da kuma a bar shi a soket kwana da kwanaki, domin yawancinsu ba su da abin da yake yanke caji idan sun cika. Mu kuwa duka biyun muke yi. Mu yi amfani da ita har ta mutu, mu jefa ta ƙarƙashin gado mako biyu, ranar da aka kawo wuta mu maƙala ta a bango mu manta. Idan irinta kake da ita, ka yi mata caji tun haske bai yi ja ba, ka cire ta bayan awoyin da aka rubuta a jikinta, kuma kada ka kunna ta tana soket. Na sha ganin ƙwayayen hasken tocila da suka ƙone gaba ɗaya ta wannan hanya.

Sai masu batirin litiyam, wanda aka fi sani da lamba 18650. Lambar girmansa ce: kauri milimita 18, tsawo milimita 65. Shi ne ya fi dacewa da mutumin gari, amma shi ne kuma aka fi yin jabunsa. Na gaskiya abin da yake ɗauka bai cika wuce mAh 3,500 ba, mAh kuwa shi ne ma'aunin yawan cajin da batir yake riƙewa. Duk wanda ka ga an rubuta masa 6,800 ko 9,900, ka san ba haka yake ba, sau da yawa ma ko 1,000 ba ya kaiwa. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce nauyi. Na kirki yana kai giram 45 ko sama da haka kaɗan. Ina ajiye guda ɗaya mai kyau a teburina, in ɗora wa mutum shi a hannun dama, in ɗora masa nasa a hagu. Ba na ma buɗe baki, da kansa yake cewa, "Kai, wannan ai fanko ne." Wasu kuma tsofaffin batiran kwamfuta ne aka fasa, aka sake musu riga. Shi ya sa nake cewa ka zaɓi tocilar da ake kwance gindinta a fitar da batir. Wadda aka liƙe batirinta a ciki, ranar da ya mutu ita ma ta mutu, ko da ƙwanta lafiya lau yake.

Litiyam yana da haɗarin da ba a faɗa wa mai saye. Jikinsa duka ƙarfe ne mai ɗauke da wuta, wannan siririyar robar da aka naɗe shi da ita ce kaɗai kariya. Idan ta yage, ko ka jefa shi tsirara a aljihu tare da makulli da kwabbai, yana iya haɗuwa ya yi zafi har ya kama wuta a jikinka. Zafi kuma yana rage masa kwana. A Garwa, Marwa da Kuseri, zafin Afrilu yana haura digiri 40 a inuwa, balle a kan kujerar babur da aka bari a rana, ko a saman katanga dab da rufin kwano. Kada ka yi masa caji a kan katifa, kuma idan ya kumbura ko ya fara wari, ka raba shi da gidanka.

Wani ɗan yayata da yake acaba ya zo mini da ƙaramar tocilarsa, ransa a ɓace. Ya ce, "Kawu, sabon batir na sa mata, ta yi haske sau ɗaya kamar walƙiya, shi ke nan." Na kwance, na ga an rubuta 14500 a jikin batirin. Girmansa ɗaya sak da ƙaramin batirin rediyo da muka sani, amma ƙarfin wutar da shi yake bayarwa bolt 3.7 ne, wancan kuwa 1.5. Ya shiga daidai, ya ƙone ta nan take. Shigar batir cikin tocila ba ya nufin nata ne. Ka karanta abin da aka rubuta kafin ka sa.

Ga wanda yake ƙauye, ko mai zuwa gona ya kwana, ko mai bin kasuwanni irin ta Pitowa ranar Lahadi, ni shawarata ita ce tocila mai cin ƙaramin batir na yau da kullum, domin duk teburin da ka tsaya za ka same shi, ba sai ka jira an kawo wuta ba. Amma a nan ma akwai abin lura. Wanda aka rubuta wa R6 shi ne mai araha, ba ya daɗewa a tocila mai haske. Wanda aka rubuta wa LR6 ya fi shi tsada, ya kuma fi shi jimawa nesa ba kusa ba. Kada ka haɗa sabo da tsoho, kada ka haɗa iri biyu, domin mai raunin shi ne zai fara zubar da ruwa. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta kawo mini tocilar da marigayi mijinta ya bari, ta ƙarfe, mai kyau. Ta ce, "Ɗana, ajiye ta na yi don kada yara su lalata." Wata takwas tana cikin akwati da batir a ciki. Da ƙyar na kwance gindin, farin gari ya cika ta, waya mai lanƙwasa da take danne batirin ta cinye har ta karye a hannuna. Na ce, "Goggo, da kin cire batirin kafin ki ajiye, da har jikokinki sun gaje ta." Na samu na canza mata wayar daga wata matacciya, amma ba kullum ake dacewa ba. Idan zubar ba ta yi nisa ba, ɗigon ruwan lemun tsami a auduga yana narkar da farin garin da LR6 yake bari, sai a goge da busasshen tsumma, a ɗan kankare ƙarfen har ya yi ƙyalli.

Tocila mai zuƙowa, wadda ake jan kanta haske ya tsuke ya tafi nesa, tana burge matasa. Ni ba na ba da shawararta. Duk jan da ka yi iska take zuƙa, a lokacin hunturu kuwa ƙura take zuƙa, ta kwanta a bayan gilashi inda hannu ba ya kaiwa. Idan ta tsuke kuma, rabin hasken a cikin kanta yake ɓacewa. Abin da ya fi wannan muhimmanci, mai tafiya da dare a ƙasarmu gaban ƙafarsa yake bukatar gani. Kububuwa tana da yawa a kwarin Binuwai, gajeriya ce, launinta launin ƙasa da busasshen ganye, kuma da dare take fitowa. Haske mai faɗi wanda yake nuna maka taku uku a gaba da gefe da gefe shi ne zai nuna maka ita. Siririn haske da yake dukan bishiyar da ke can nesa ya bar ƙafarka a duhu. Launin hasken ma yana da tasiri: fari mai shuɗi-shuɗi yana wanke launin abubuwa, kuma cikin hazo yana dawo maka a ido. Wanda ya ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa ya fi raba maka maciji da igiya.

Ka danna makunnin sau da yawa kafin ka saya. Wasu sai ka bi ta haske biyar, har da mai walƙiya, kafin su mutu. Ka tuna tsohon da zai riƙe ta, ko matar da ta farka jariri yana kuka. Biyu ko uku sun isa, kuma a ce danna ɗaya yana kashe ta.

Batun ruwa da ƙura kuwa, kalmar "ba ta jin ruwa" a bakin mai kaya ba hujja ba ce. Ka nemi haruffan IP, wato alamar yadda take jure ruwa da ƙura. IPX4 tana jure yayyafi da fantsama. IPX7 tana jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. IP67 ta haɗa wannan da hana ƙura shiga, ita ce ta fi dacewa da mu. Tun da kwali yana iya yin ƙarya, ka kwance gindin ka duba ko akwai siririn zoben roba a wuyan zaren. Idan babu, ruwan Agusta zai shiga. Ka kuma duba ramin caji: a ce yana da murfin roba mai kamawa, kuma bakinsa iri ɗaya ne da na wayarka, don igiya ɗaya ta yi muku aiki. Sababbin wayoyi yanzu USB-C ne, tociloli da yawa a kasuwa kuwa har yanzu tsohon baki suke da shi, mai saurin sakwarkwacewa.

Masu cewa fitilar waya ta ishe su, ina fahimtarsu, amma daren da wuta ta kwana biyu ba ta dawo ba, cajin wayar nan shi ne za ka kira mai babur da shi idan naƙuda ta tashi ko kunama ta harbi yaro. Ga shi waya tana suɓucewa a bakin rijiya ko a masai, asarar kuwa ta ninka kuɗin tocila sau da yawa.

Sai girma. Da yawa suna sayen ƙatuwa don ta fi cika ido, sai nauyi ya sa a bar ta a gida. Wadda ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, mai maƙali, ita ce za ta zauna a aljihun riga kullum. Matsalarta ɗaya, tana kunna kanta a aljihu ko a jaka, ka zaro ta da dare ka tarar ta mutu. Masu makunni mai laushi a gefe kuma suna tsotsar batir a hankali ko a kashe suke. A tocilolin ƙarfe da yawa, idan ka sassauta gindin kaɗan, kamar rubu'in juyi, wutar ta yanke gaba ɗaya, sai ka ɗaure lokacin da za ka kunna. Ka gwada a taka tun da rana: ka kunna ta, ka juya gindin a hankali, ka ga ko za ta mutu. Ta gida kuwa a kafa mata ƙusa ɗaya kusa da ƙofa, daidai inda hannun yaro ɗan shekara goma zai kai, kowa ya san nan take kwana.