Ga ƙannena da suka zo Rasha karatun siyasa da zamantakewa

Assalamu alaikum ƙannena sababbin zuwa, sannunku da hanya, sannu kuma da sanyi. Maganar nan taku ce musamman masu shirin karanta kimiyyar siyasa, ilimin zamantakewa, tarihi ko hulɗar ƙasa da ƙasa, don mu kayan aikinmu kaf magana ce da rubutu, ɗan injiniya lissafi zai iya fid da shi ko yaren bai zauna ba amma mu babu inda za mu laɓe.

Shekarar farko a podfak za ku yi ta, wato ajin share fage. Haruffa 33 ɗin nan kar su tsorata ku, sati biyu sun zauna. Kafin Janairu za ka ga kana sayen burodi da madara a kantin Pyaterochka ba gargada, kana tambayar hanya a metro, kuna gaisawa da tsohuwar da ke tsaron ƙofar obshaga, wato masaukin ɗalibai, sai ka ɗauka ai yare ya samu. Ni ma haka na ɗauka. Na ci jarabawar ƙarshen podfak, matakin TRKI-1 ne na gwajin Rashanci ga baƙi, da ake neman kalmomi wajen 2300, toh ranar farko a aji ɗaya malama ta shigo ta yi minti 90 cif tana bayani kan al'umma da hukuma, shi ne suke ce wa para, 'yan Rashan da ke gefena suna ta cika shafi bayan shafi ni kuwa layi huɗu kacal na samu a littafina kuma ko su ban tabbata daidai na rubuta ba. Wallahi ranar ko abinci ban iya ci ba.

Rashancin aji daban ne da na titi. A podfak akwai darasin da ake kira nauchni stil rechi, salon maganar ilimi, kuma shi ne yawancinmu muke yi wa riƙon sakainar kashi saboda ba daɗi, babu hira sai maimaita ginin jimla. Dan Allah ku riƙe shi da hannu biyu. In za ka ce kaza shi ne kaza, a titi za ka ce "eto" ka wuce, a littafi kuwa "yavlyayetsa" za ka gani kuma sunan da ke biye da ita sai ƙarshensa ya canja zuwa tvoritelni, ɗaya daga cikin padezh shida, wato sauye-sauyen ƙarshen suna gwargwadon aikinsa a jimla, da za su sha muku kai. Akwai "predstavlyayet soboy", akwai "otnositsa k", akwai "zavisit ot", da su ake gina kusan duk ma'anar da malami zai ba ku, ku haddace kowacce tare da padezh ɗin da take ja.

Sai jerin sunaye da ake ɗaure su da roditelni, padezh ɗin mallaka, irin "protses formirovaniya institutov grazhdanskogo obshestva", wato yadda cibiyoyin al'ummar farar hula ke kafuwa. Ni abin da ya buɗe min kai shi ne na tuna mu ma muna cewa ƙofar gidan ƙanin baban wane, kowace kalma tana riƙe da ta gaba, daga nan na daina ganin dodo.

Wani abu da ba wanda ya gaya min, sunayen masanan da kuka sani tun gida kamanninsu na canjawa. Hegel ya koma Gegel, Hobbes ya koma Gobbs, Durkheim kuma Dyurkgeym. Na yi sati guda ina jin Gobbs Gobbs ban gane mutumin da na karanta a gida ba ne. Haka kalmar politika, tana nufin siyasa tana kuma nufin manufar gwamnati, pravo ma shari'a ne kuma haƙƙi ne, sai ka kalli jimlar kafin ka yanke. Ku sayi ƙaramin littafi na musamman don irin waɗannan, vlast (iko), gosudarstvo (hukuma), obshestvo (al'umma), kowacce da jimlar da kuka tsince ta a ciki.

Ku koyi rubutun hannu da wuri, a allo harafin t ɗinsu kamar m yake, d kuma kamar g, in ba ku saba ba ko konspekt ɗin abokin aji kuka ara, wato abin da ya rubuta a lacca, ba za ku iya karantawa ba. Kuma ku ara ɗin, ba kunya a ciki, ku nemi starosta, shugaban aji kenan, shi ya san abin da ake ciki a ofishin dekan, shugaban tsangaya.

Jarabawa a nan da yawanta da baki ake yi. A lokacin sessiya, wato zangon jarabawa, Janairu da Yuni, za ka shiga ka zari takarda ɗaya a kife kan tebur, bilet, a ba ka ɗan lokaci ka shirya sannan ka zauna gaban malami ka yi bayani ya kuma ƙara maka tambaya a take. Ana ba da jerin tambayoyin tun kafin lokacin, don haka ku haɗu bibbiyu kuna amsa wa juna da ƙarfi, wanda bai saba buɗe baki a semina ba ranar harshensa zai ɗaure ko da ya san amsar. Malami kuma da sunansa da na mahaifinsa ake kiransa, da "vi" na girmamawa, ku rubuta sunayen tun satin farko.

In lokacin kursovaya ya zo, wato rubutun binciken da ake ba ɗalibi, kar ku rubuta da Turanci ku zuba wa manhajar fassara, malamai na gane wa, kwafi kuma manhajar Antiplagiat za ta kama. Ku shiga shafin intanet na CyberLeninka, maƙaloli ne kyauta, ku ɗauki gajera a fanninku ko shafi ɗaya ne kullum ku ga yadda suke buɗe magana da yadda suke kawo hujja.

Waɗanda ke Mosko da San Fitasbag kuna da wata dama, ana koyar da Hausa a Cibiyar Nazarin Asiya da Afirka ta MGU, wato babbar jami'ar Mosko, da kuma tsangayar nazarin Gabas ta jami'ar San Fitasbag, ɗalibansu na neman wanda za su yi hira da shi. Awa ɗaya ka gyara masa Hausa, awa ɗaya ya duba maka rubutunka ya nuna maka inda padezh ya zame.