Sayen gida a Amurka: kurakuran da aka fi yi kan takardun gunduma da harajin gida

Kusan duk wanda ya sayi gida a Amurka ya shiga hulɗa da gwamnatin gunduma, wadda a can ake kira kaunti, ko ya so ko ya ƙi. Gwamnatin tarayya ba ta karɓar harajin gida. Ƙananan hukumomi ne ke karɓa, kuma da shi ake tafiyar da makarantun gwamnati da 'yan kwana-kwana da gyaran titunan unguwa. Gundumomin ƙasar sun haura 3,000, kowace jiha da dokarta. Shi ya sa shawarar da ɗan'uwanka na Houston ya ba ka da zuciya ɗaya za ta iya jefa ka cikin asara idan gidanka a Chicago yake.

Kuskuren farko shi ne neman komai a ofishi ɗaya. Wanda ya taso a Najeriya ya saba da cewa ƙasa tana hannun gwamna tun dokar 1978, kuma takardar shaidar mallaka daga ma'aikatar filaye take fitowa. A can ba haka ba ne. A yawancin gundumomi aikin ya kasu gida uku. Ofishin rajista, wanda za ka gani da sunan Recorder ko Register of Deeds ko County Clerk, shi ke ajiye takardar cinikin gida da ta bashin banki da duk wani bashi da aka rataya wa gidan. Ofishin Assessor shi ke ƙiyasta darajar gida. Ofishin Treasurer ko Tax Collector shi ke aiko da takardar biya ya karɓi kuɗi. Idan ka je wajen mai karɓar kuɗi kana kukan an yi wa gidanka ƙiyasi mai yawa, zai saurare ka cikin ladabi, amma ba abin da zai iya yi maka. Akwai wuraren da suka bambanta: a Texas hukumar ƙiyasi daban take, kamar HCAD a gundumar Harris, a Maryland kuwa jiha ce ke ƙiyasi ta hannun hukumar SDAT, duk bayan shekara uku.

Sai kuma yadda ake binciken. Mutane na rubuta suna a shafin gunduma, in ba su ga komai ba sai hankalinsu ya tashi. Sunayenmu kuwa kowa da yadda yake rubuta su: Muhammad a wannan takarda, Mohammed a waccan, wani lokaci ma a juya sunan uba ya zama na farko. Nemi lambar fili. Kowane gida yana da ita, kuma tana kan takardar haraji. A Kalifoniya ana ce mata APN, a gundumar Cook ta Chicago PIN ce mai lambobi 14. A birnin New York ana haɗa lambar yanki da ta rukunin gidaje da ta fili, a bincika a manhajar ACRIS, in ban da Staten Island da ke da nata ofishin. Rubuta lambar nan a wayarka.

Kuskuren da ya fi cin mutane kuɗi shi ne ɗauka cewa harajin da tsohon mai gida yake biya shi ne za ka biya. Dillali ya nuna maka adadi a shafin talla, ka yi lissafi, ka ga albashi zai ɗauka. Bayan shekara sai takarda ta zo da ninkinsa.

Kalifoniya ce ta fi nuna abin a fili. Tun 1978, da dokar da ake kira Proposition 13, asalin harajin kashi 1 cikin 100 ne na darajar da aka ƙiyasta, kuma ba a ƙara wa ƙiyasin fiye da kashi 2 cikin 100 a shekara muddin gidan bai canja hannu ba. Da zarar an sayar, sai a sake ƙiyasi bisa farashin kasuwa. A ce dattijuwar da ta sayar maka ta daɗe a gidan, ƙiyasinta yana dala 250,000, tana biyan kimanin 2,500. Kai ka saya a kan 700,000. Naka zai tashi daga 7,000, ban da ƙarin kuɗaɗen da masu zaɓe a yankin suka amince da su. Sannan za a aiko maka da wata takardar ciko ta musamman don cike giɓin watannin da suka rage a shekarar, kuma sau da yawa kai tsaye take zuwa gare ka, ba ta bi ta bankin da ya ba ka bashin gida, wanda yakan biya maka haraji daga kuɗin da yake cirewa duk wata. Da yawa suna ajiye ta a aljihun tebur suna zaton banki ya biya, har tara ta hau. Florida ma tana da irin wannan tsari: kashi 3 cikin 100 ne iyakar ƙarin ƙiyasi a shekara ga gidan da mai shi ke zaune a ciki, kuma kariyar tsohon mai gida ba ta biyo ka.

Wanda ya sayi sabon gini shi ma ya yi hattara, domin harajin shekarar farko wataƙila na fili ne kawai, tun kafin a ɗora tubali. A kewayen Houston kuma akwai sabbin unguwanni da ke ƙarƙashin hukumomin ruwa da magudana da ake kira MUD, waɗanda ke ɗora nasu harajin a kan na gunduma da na makaranta. Kafin ka sa hannu, ɗauki farashin da za ka biya ka lissafa da jimillar kason dukkan hukumomin da ke karɓa a wannan adireshi. Lissafin ba wuya: inda ake amfani da ma'aunin mil, mil ɗaya na nufin dala 1 a kan kowace 1,000. Gidan da aka ƙiyasta 300,000, aka cire rangwamen 50,000, aka caje shi mil 20, harajinsa 5,000 ne.

Rangwamen nan ma ba ya zuwa da kansa. Jihohi da yawa suna rage wa wanda ke zaune a gidansa haraji, abin da suke kira homestead, amma sai ka cike fom. A Florida ranar ƙarshe 1 ga Maris ce. A Texas, a 2023 an ɗaga rangwamen da ake cirewa daga ƙiyasin gida wajen lissafin harajin makaranta daga dala 40,000 zuwa 100,000, kuma ƙiyasin gidan zama ba ya hawa fiye da kashi 10 cikin 100 a shekara. Abin takaici ne mutum ya yi shekaru yana biyan kuɗin da doka ta yafe masa saboda takarda guda da ba ta kai minti ashirin ba. Akwai ƙarin rangwame ga tsofaffi da naƙasassu da tsofaffin sojoji a wurare da dama. Sai dai in ka bar gidan ka sa 'yan haya, sanar da ofishin ƙiyasi, don idan suka gano da kansu za su bi ka bashin baya har da tara.

Takardar ƙiyasi ba takardar biya ba ce, shi ya sa ake raina ta, alhali a wurare da yawa ita ce ƙofar ƙorafi. A Texas wa'adin 15 ga Mayu ne, ko kwana 30 bayan aiko da sanarwa, duk wanda ya fi nisa. A Florida sanarwar na fitowa a Agusta, kana da kwana 25. In ka jira sai takardar biya ta zo, bakin alƙalami ya bushe. Fara da duba bayanan gidanka a shafin ofishin: faɗin gini, yawan ɗakuna da banɗaki, ko an rubuta maka gareji ko ɗakin ƙasa da ba ka da shi. Sannan tara farashin gidaje makamantan naka da aka sayar kusa, da hotunan rufin da ke yoyo ko bangon da ya tsage, da ƙiyasin mai gyara. Kwamitin da ke duba ƙorafi ba ya sauraron cewa rayuwa ta yi tsada; hujja a kan darajar gidan kawai yake dubawa.

Wanda ke biyan bashin gida yakan ce banki na biyan haraji daga asusun ajiyar da yake cirewa duk wata. Gaskiya ne, amma alhakin a wuyanka yake. Shiga shafin mai karɓar haraji sau ɗaya ko biyu a shekara ka ga an rubuta an biya, musamman idan an sayar da bashinka ga wani kamfani. Ranar da ka gama biyan bashin kuwa, takardar haraji ta dawo hannunka.

In wasiƙa ta zo mai kama da ta gwamnati tana neman kuɗi mai yawa don a aiko maka kwafin takardar gidanka, yaga ta. Ofishin rajista na bayarwa da 'yan daloli. Gundumomi da yawa ma suna da rajistar kyauta da za ta aiko maka saƙo duk lokacin da aka shigar da wata takarda da sunanka, kuma ya kamata kowa ya yi ta.

Rashin biya ba a wasa da shi. Gunduma na iya sayar da bashin ga wani, ko gidan kansa. Geraldine Tyler, wata tsohuwa a gundumar Hennepin ta Minnesota, bashin haraji da tara ya kai mata kimanin dala 15,000. Gunduma ta sayar da gidanta a kan 40,000 ta riƙe duka. A Mayun 2023 Kotun Ƙolin Amurka, baki ɗaya, ta ce riƙe rarar ya saɓa wa tsarin mulki. Hukuncin ya kare rarar kuɗin ne, bai hana sayar da gida ba. Idan za ka tafi gida Najeriya ka yi watanni, ko ka ƙaura ka bar 'yan haya, canja adireshin wasiƙa a ofishin ƙiyasi da na karɓar haraji, domin rashin ganin takarda ba ya ɗauke tara. In kuma kuɗin ne babu, kira ofishin kafin wa'adi ya cika ka tambayi tsarin biya kaɗan-kaɗan.